Kaburbura Biyu a Girku: Waiwaye a Kan Tafiye-Tafiyen 'Yan Mishan na Farko

Gabatarwa

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Matafiyin da hanya ta yi wa tsawo har ƙafa ta yi nauyi yakan tsaya ya dubi inda ya fito, domin ya auna ko abin da ya rage masa ya fi ƙarfinsa. Manufar wannan maƙala ke nan. Za ta bi sawun 'yan mishan na farko da suka nufo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 19, ta nuna yadda tafiyar tasu ta watse tun ba a je ko'ina ba, da yadda duk da haka aikin ya kai ga Kwoi da Kagoro da Kafanchan. Daga nan sai ta duba irin ƙarfin zuciyar da Kirista ɗan Kudancin Kaduna zai iya samu daga wannan tarihi a lokacin tsanani. Mai karatu Musulmi ma yana da rabo a ciki, domin kuwa kakanninsa na cikin labarin, kuma wutar da ta ci gidan maƙwabcinsa ba ta bar nasa ba.

Tsananin da Ake Magana a Kai

Ranar 6 ga Maris, 1987, rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a kan wani wa'azi. Cikin 'yan kwanaki wutar ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, waɗanda a lokacin duk a jiha ɗaya suke. An ƙona majami'u da masallatai, an yi asarar rayuka da dukiya. Kafin raunin ya warke sai ga rikicin Zangon Katab na watan Fabrairu da na Mayu, 1992, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa matsuguni. A watan Mayu na 1999 an sake zubar da jini a Kafanchan a kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. Bayan zaɓen Afrilun 2011 kuwa, an ƙona kasuwar Kafanchan, aka yi mummunan kisa a Zonkwa da kewaye. A jajiberin Kirsimeti na 2016 aka kai wa ƙauyen Goska hari, sannan a watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidan fada wuta a Fadan Kamantan, inda wani ɗalibi mai koyon aikin fada, Na'aman Danlami, ya rasa ransa.

Ba wani ɓangare da bai binne nasa ba a cikin waɗannan shekaru. Saurayin da ya tashi a cikinsu, idan ya tambaya ko addu'ar iyayensa ta yi wani amfani, bai kamata a yi masa tsawa ba. Amsa yake bukata, kuma wani sashe na amsar yana cikin tarihin yadda ikilisiyar tasa ta samo asali.

Samari Uku a Legas

Ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Legas. Su ne Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, Bingham ma bai cika 21 ba. Burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Sudan, wato sunan da Larabawa da Turawan wancan zamani suke kiran shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke kudu da Sahara, wadda ƙasar Hausa take tsakiyarta. Sun nemi ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila su ɗauki nauyinsu, amma ba wadda ta yarda. Dalili kuwa a fili yake: shekara ɗaya ko biyu kafin wannan, ciwo ya kashe John Alfred Robinson a 1891 da Graham Wilmot Brooke a 1892 a Lakwaja, su ma da niyyar shiga ƙasar Hausa suka zo. A Legas ɗin ma wani babban ɗan mishan ya faɗa wa samarin cewa su kam ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma haka, sai dai wataƙila jikokinsu.

Ba a daɗe ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da Bingham, aka bar shi a Legas ya riƙa tura kaya, sauran biyun suka nausa arewa. Gowans ya faɗa cikin yaƙe-yaƙen kamun bayi da Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yake yi a lokacin. Ya rasa kayansa, ya sha yunwa, ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya dai kai Zariya da ƙyar, kuma a watan Nuwamba na 1894 ya rasu a garin Girku na ƙasar Zazzau. Kent ya rasu a Bidda a watan Disamba na wannan shekara. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ba tashar mishan ko ɗaya, ba mutum ɗaya da za a ce ya karɓi saƙonsu. Abin da ya kai wa mahaifiyar Gowans shi ne 'yan tarkacen ɗanta. Labarin da ya zo mana ya nuna cewa tsohuwar ba ta yi da-na-sanin barin ɗan nata ya tafi ba, ta ma ci gaba da tara mutane ana addu'a domin aikin.

A 1900 Bingham ya sake dawowa da abokai biyu. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya sake kwantar da shi a Legas, aka sa shi a jirgi zuwa gida, abokan nasa kuma suka karaya suka bi bayansa. Shekara bakwai ke nan da farawa, abin da ke ƙasa kaburbura ne kawai.

Ayarin Bishop Tugwell

A cikin wannan shekara ta 1900 ƙungiyar CMS ta Cocin Ingila ta tura nata ayarin na mutum biyar a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus wurin Hausawa mazauna can. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci, amma da suka zarce Kano, Sarki Alu ya ba su wa'adi su fice masa daga gari. Idan aka yi adalci, Sarkin yana da hujjarsa, domin a farkon shekarar ne Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, kuma ba abu ne mai sauƙi ba a rarrabe Baturen littafi da Baturen bindiga. Ayarin ya juyo ya yi zango a Girku. A nan atuni ya kashe ɗaya daga cikinsu, Claud Dudley Ryder, wani ciwo ya mayar da shi gida, daga baya kuma gobara ta cinye masaukinsu. Haka Girku ta karɓi gawar baƙo na biyu cikin shekara shida.

Miller ya dawo. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Babban aikin da ya ba da ransa a kai shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka kammala aka buga a 1932. Ɗaliban Hausa sun san wani reshe na wannan tarihi ko da ba su lura ba: G. P. Bargery, mai shahararren ƙamus ɗin nan na 1934, da aikin mishan na CMS ya fara zuwa Arewa.

Daga Patigi Zuwa Kwoi da Kagoro

Yunƙuri na uku na mutanen Bingham ne ya kama ƙasa. A 1902 mutum huɗu suka kafa tasha a Patigi ta ƙasar Nufe. Nan ma ba a tsira ba, domin cikin ɗan lokaci ɗaya ya rasu, ciwo ya mayar da biyu gida, aka bar A. W. Banfield. To, amma abubuwa biyu sun sauya. Na farko, a 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin da ke kashe su, sai 'yan mishan suka rungumi gidan sauro da shan kwinin a kai a kai. Likita Andrew Stirrett, wanda ya bar kantin maganinsa a Toronto ya zo a 1902, ya riƙe wannan ƙa'ida, ya kuwa yi aiki har ya rasu a Jos a 1948. Hausawa sun san shi da Bature Mai Magani. Na biyu, bayan cin Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin Musulunci ba, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin garuruwan sarakunan Musulmi. Ƙofar da suka ƙetaro teku dominta ta rufe, dole suka juya ga ƙabilun da ke bin addinin gargajiya.

Ta haka ƙungiyar, wadda aka sani da SIM, ta buɗe tasha a Kwoi ta ƙasar Ham, wato Jaba, a 1910, shekara 16 bayan rasuwar Gowans. Aikin ya yi tafiyar hawainiya. Mutanen wannan yanki sun daɗe suna fama da mahara masu kamun bayi, ga kuma sojan Turawa da harajinsu, saboda haka ba su da dalilin amincewa da baƙo. Dattawa masu riƙe da asirin dodo suna ganin sabon addinin zai rushe tsarin da ke riƙe da gari, kuma ba su yi kuskure ba wajen ganin cewa sauyi babba ne ke tafe. Waɗanda suka fara ba da gaskiya sun sha duka da kora daga gida, wasu an hana su aure.

A cikin shekarun 1920 Thomas Archibald ya buɗe tashar Kagoro a gindin dutsen nan da Agworok suka daɗe suna fakewa a kansa. A daidai wannan lokaci hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta iso, kuma a 1927 Kafanchan ta zama mahaɗa, inda reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos. Jirgi ya kawo ma'aikata Ibo da Yarbawa da majami'unsu na Angilika da Katolika da Baftis, ya kawo 'yan kasuwa Hausawa, har fadar Sarkin Jama'a ta taso daga Jama'a Sarari ta dawo Kafanchan a 1933. A farkon shekarun 1930 aka fara makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Kagoro, wadda ita ce ta girma ta zama makarantar tauhidi ta ECWA da ke can a yau.

'Yan Ƙasa Sun Karɓi Aiki

Kuskure ne a ɗauka Turawa ne suka mayar da Kudancin Kaduna ƙasar Kirista. Yawansu bai kai ba, harsunan yankin kuma sun fi ƙarfin yawancinsu. Waɗanda suka yi aikin su ne masu bishara 'yan ƙasa da aka horar a Kagoro da makamantanta. Mutum zai ɗauki matarsa da fartanyarsa ya tare a ƙauyen da ba nasa ba, ya yi noma da safe ya ci da kansa, da yamma ya tara yara a gindin itace yana koya musu karatu. Littafin da ke hannunsa na Hausa ne. Abin lura a nan shi ne, harshen da mutanen yankin suka fara ji a bakin mahara da masu karɓar haraji, shi ne ya zama harshen da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam suke haɗuwa su yi addu'a da waƙa da shi. Har gobe Zumuntar Mata da Hausa take rera yawancin waƙoƙinta.

Mutum biyu sun isa misali. Malam Gwamna Awan, wanda ya yi karatu a hannun 'yan mishan, ya zama Sarkin Kagoro a 1945, ya riƙe sarautar har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan, yana tura yara makaranta. Na biyu shi ne Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936 a gidan masu riƙe da addinin gargajiya. Yana ɗan shekara 12 ya ba da gaskiya ta hanyar koyarwar wata 'yar mishan, Mary Haas. Mahaifinsa ya yi fushi ƙwarai, ya ƙi biya masa kuɗin makaranta. Yaron nan ne ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka har ya sami digirin digirgir, ya zama Babban Sakataren ECWA a 1967, sannan a 1973 aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar Ikilisiyoyin bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko da ya riƙe muƙamin. Ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa ta Kenya a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39.

A 1954, a Kagoro, ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗu suka zama ECWA. Shekara 60 ke nan cif bayan an binne Gowans. Bingham kansa bai ga ranar ba, domin ya rasu a 1942. Daga baya Angilika suka kafa dayosis na Kafanchan a 1990, Katolika kuma a 1995, da Bishop Joseph Danlami Bagobiri a matsayin shugabanta na farko.

Abin da Tarihin Yake Koyarwa

Darasi na farko ya shafi lokaci. Da wani ya tsaya a Girku a ƙarshen 1900 ya yi lissafi, da ya ce an yi asarar rayukan samari a banza, kuma duk hujjar da ido ke gani tana tare da shi. Hukuncin da aka yanke a tsakiyar labari ba safai yake zama daidai ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna irin wannan a tafiyar Bulus da Barnaba ta farko: Markus ya gudu ya bar su a hanya, a Listira kuma aka jejjefi Bulus aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Daga wannan yanki na Listira ne Timoti ya fito, kuma Markus ɗin da ya gudu, Bulus da kansa ya neme shi a ƙarshen rayuwarsa. Wanda yake kallon toka a inda gidansa yake a da, yana da damar yin kuka, amma bai ga ƙarshen labarin ba tukuna.

Darasi na biyu shi ne bangaskiya ba ta hana dabara. Zuciya kaɗai ba ta ceci Gowans da Kent ba. Aikin ya tsaya da ƙafafunsa ne sa'ad da aka haɗa addu'a da kwinin, da koyon harshe, da haƙurin zama wuri ɗaya shekara da shekaru. Haka yake a yau. Haƙurin Kirista bai hana shi neman hakkinsa a kotu ba, bai hana shi rubuta sunayen waɗanda aka kashe domin kada a manta da su ba, bai kuma hana shi matsa wa hukuma ta tsare rayuka ba. Masarautun Atyap da Bajju da aka kafa a 1995 sun samu ne bayan doguwar fafutuka ta koke da shawara. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, wadda wakilan al'ummomi daga ƙananan hukumomi biyar suka sa wa hannu a watan Maris na 2016, ba ta kashe wutar gaba ɗaya ba, amma ta nuna cewa manomi da makiyayi suna iya zama a tabarma ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na uku ya fi ɗaci. 'Yan mishan mutane ne masu kuskure. Da yawansu sun raina al'adun da suka tarar, sun hana kiɗa da rawar da ba su fahimta ba, wasu sun yi rubutu a kan Musulmi da ƙabilun yankin da kalmomin da ba su dace ba, kuma sun daɗe kafin su sakar wa 'yan ƙasa ragamar shugabanci. Masana 'yan yankin irin su Farfesa Yusufu Turaki sun yi nazarin wannan tarihi da alherinsa da aibinsa. Sanin haka yana da amfani ga mai neman ƙarfafawa, domin idan Allah ya yi aiki ta hannun mutane masu rauni irin waɗannan, to raunin ikilisiyar yau da rarrabuwar kawunanta ba su isa dalilin yanke ƙauna ba.

Darasi na huɗu ya shafi maƙwabci. Tarihin nan ya ƙunshi sarkin da ya kori baƙi, ya kuma ƙunshi sarkin da ya sauke su. Fatake da 'yan alaro Musulmi ne suka nuna wa waɗannan baƙi hanya, malamai Hausawa ne suka koya musu harshen da aka fassara Littafi Mai Tsarki da shi, kuma ƙasar Zazzau ce ta rufa wa gawarwakinsu asiri. Wanda ya karanta wannan da idon basira ba zai yi wa al'umma guda kuɗin goro ba. A Filibi, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala an jefa su kurkuku, girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi, yari ya zare takobi zai kashe kansa. Bulus, wanda bayansa ke zubar da jini, shi ne ya ɗaga murya ya hana shi. A daren nan yarin ya wanke musu raunukansu. Matashin da ake zuga shi ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ya kamata ya san cewa ramuwa irin wannan ba ta cikin gadon da aka bar masa.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tafiya daga Legas a 1893 zuwa Girku, daga Girku zuwa Patigi da Kwoi da Kagoro, har zuwa Kafanchan ta zamaninmu. An ga cewa waɗanda suka fara tafiyar ba su ga amfanin gonar ba, waɗanda suka yi noman kuwa yawancinsu 'yan ƙasa ne da ba a rubuta sunayensu a littattafai ba. A nan akwai aiki a gaban ɗalibanmu. Tsofaffin da suka ga masu bisharan farko da idanunsu suna ƙarewa, kuma abin da ke cikin kawunansu, da waƙoƙinsu, da labarin yadda suka zauna da maƙwabtansu Hausawa da Fulani kafin 1987, duk zai bi su kabari idan ba a ɗauka an rubuta ba. Ɗalibin da zai koma Kwoi ko Zonkwa ko Kagoro hutu, ya tafi da alƙalami da takarda, ya zauna gaban kakarsa ya tambaye ta yadda suka jure nasu tsananin.